Inuwar da Aka Kama: Sabuwar Kwamfuta, Sabuwar Manhaja da Gaskiyar Hoto

Gyaran hoto a kwamfuta shi ne duk aikin da ake yi wa hoto tsakanin ɗaukarsa da wankinsa: a ƙara masa haske ko a rage, a daidaita launi, a datse gefen da ba a so, a goge tabo, a sauya bangon da ke bayan mutum. Kalmar wanki gado ce daga zamanin fim, lokacin da ake tsoma takarda cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu. Yanzu firinta ce ke fesa tawada, babu ruwa babu duhu, amma sunan ya zauna. A Tambuwal da Dogon Daji, waɗanda ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, da Kebbe da Kuchi da ke ƙuryar kudancin jihar Sakkwato kusa da iyakar Kebbi da Zamfara, wannan aiki sana'ar matasa ce. Abin da ke kawo musu ciniki sananne ne: fasfo na makaranta da na neman aiki da na maniyyata, hotunan biki da suna da saukar karatu, kalanda da sitika na ango da amarya, sai fastocin 'yan takara idan kakar zaɓe ta kama a mazaɓar Kebbe da Tambuwal, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015.

Duk inda ake sana'ar akwai zancen da ba ya ƙarewa. Mai hoto ya miƙa aiki, mai shi ya duba ya ce bai fito ba. Sai a ɗora wa kwamfuta laifin tsufa, ko a ce manhajar tsohon yayi ce, da an samu irin ta mutanen Kano da an ga aiki. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan zance ita ce ko sabon kayan aiki yana ƙara wa gyaran hoto kyau. Kalmar kyau a nan tana ɗauke da ma'ana biyu: hoto ya ƙara kama da abin da aka ɗauka, ko kuwa ya ƙara daɗin kallo. A lokacin da kayan aiki ba su da ƙarfi sosai, ma'anonin biyu tare suke tafiya, ba a ma lura da bambancinsu. Ƙarfin sababbin manhajoji ne ya raba su, kuma a wurin rabuwar ne maganar addini ta shigo.

Batun kwamfuta shi ne mafi sauƙin warwarewa. Hoton da ke cikin na'ura jerin lambobi ne. An rarraba shi zuwa ɗigo-ɗigo ƙanana, kowane ɗigo yana da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi. A tsarin JPEG, wanda aka tsayar a 1992 kuma shi yawancin wayoyi da kyamarori ke fitarwa, kowace lamba tana tsakanin 0 da 255, abin da ke ba da launuka sama da miliyan 16. Idan mai gyara ya ƙara haske, lissafi kwamfuta ke yi a kan waɗannan lambobi, shi kuwa lissafi amsarsa ba ta canzawa saboda tsufan mai yinsa. Kwamfuta ta hannu da aka sayo a kasuwa da sabuwa fil daga kwali, idan manhajarsu ɗaya ce kuma umarni ɗaya aka ba su, hoto ɗaya za su fitar. Buhun geron da jaki ya kai kasuwar Tambuwal da wanda mota ta kai duk gero ɗaya ne, lokacin isa ne kawai ya bambanta.

Sai dai lokaci ba abin rainawa ba ne a inda wuta ba ta tsayawa, kuma janareto ke shan fetur da tsadarsa tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Wanda ke da hotunan biki ɗari uku, kuma kowane motsi sai ya jira kwamfuta ta gama nishi, yakan daina gwaji. Abin da ya fara fitowa shi yake karɓa. Ta wannan hanya saurin na'ura yana taɓa ingancin aiki, amma ta bayan gida: haƙurin mai gyara yake sayowa. Haka kuma akwai sababbin manhajojin da ba sa tashi a kan tsohuwar kwamfuta sam, don ƙarfin da suke nema ya fi nata.

Sashe ɗaya na kwamfuta ne ke da hannu kai tsaye a kyan hoto, shi ne allon da ake kallo, kuma shi aka fi mantawa da shi ranar saye. Mai gyara ba ya ganin lambobi, abin da allo ya nuna masa yake gani, a kansa yake yanke hukunci. Allon da haskensa ya yi yawa yana sa a riƙa fitar da hotuna masu duhu. Wanda launinsa ya karkata zuwa shuɗi yana sa a ƙara ja har fuskoki su koma kamar an shafa musu manja. Allon tsohuwar laftof yakan sauya launi da zarar an ɗan sunkuya ko an ɗaga kai. Ɗakin ma yana da nasa tasiri, domin shagon da ƙofarsa ke fuskantar ranar watan Maris, ko allon da ƙurar hunturu ta lulluɓe, ba za su nuna abin da ke cikin hoton ba. Bayan haka allo da haske yake haɗa launi, firinta kuwa da tawada, kuma akwai launukan shadda da leshi masu ƙyalli da allo ke nunawa amma tawada ba ta iya kaiwa gare su. Maganin mafi yawan wannan ba shi da tsada: labule a ƙofa, rage hasken allo, da wanke ƙaramin gwaji a gwama shi da allon kafin a wanke babba.

Kafin kwamfuta da manhaja akwai abin da ya riga su yanke hukunci, wato abin da kyamara ta kama tun farko. Misalin da kowane mai hoto a ƙasar Hausa ya sani shi ne dattijo baƙi sanye da farar babbar riga a tsakar rana. Idan aka bi fuskar, rigar ta ƙone ta zama fari fat. Idan aka bi rigar, fuskar ta nutse cikin duhu. Wurin da ya ƙone, lambobinsa duk sun kai 255, aikin aska takwas da ke ƙirjin rigar bai shiga hoton ba ko kaɗan, saboda haka babu abin da za a dawo da shi. Manyan kyamarori suna da tsarin ajiya da ake kira RAW, wanda ke riƙe matakan haske 4,096 ko 16,384 a madadin 256, shi ya sa yake ba mai gyara sarari. Amma shi ma yana da iyaka. Dabarar da ta fi kowace manhaja ita ce a ce wa dattijon ya matso inuwar darbejiya. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948 kuma yau ake rataye hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya, da hasken rana yake aiki a tsakar gida, kuma sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa kowane mutum. Wata ɓarnar kuma a hanya take faruwa. Hoton da aka turo ta WhatsApp a yadda aka saba an riga an matse shi an zubar da wani sashe na bayanansa, alhali ƙaramin kati mai inci 4 da 6 ma yana son ɗigo 1,200 a faɗi da 1,800 a tsawo kafin ya fito tsaf. Wanda ya kawo irin wannan hoto yana so a mayar da shi babban fasta ya zo da ƙullun da ba zai kai tuwon gida ba.

Batun manhaja ya fi na kwamfuta sarƙaƙiya. Photoshop, wadda 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, ta fito kasuwa a 1990 a hannun kamfanin Adobe. A 1994 ta samu tsarin shimfiɗa aiki hawa-hawa, a 2002 kuma, a fitowa ta 7.0, ta samu burushin goge tabo. Wannan ta 2002 har yanzu ana cin abinci da ita a shaguna da yawa, tare da CorelDRAW da ake tsara fasta da kalanda, kuma ba wauta ba ce. Kayan daidaita haske da launi, waɗanda su ne kashin bayan sana'ar, tun a wancan lokaci sun nuna. Abin da sababbin fitowa suka ƙara iri biyu ne, ko da yake a allo maɓallansu na jere wuri ɗaya.

Iri na farko yana taimaka wa mai gyara ya ciro abin da kyamara ta riga ta kama. Karanta RAW da kyau, rage dusar da ke fitowa a hoton dare, raba gefen mayafi ko gashin jariri daga bango cikin daƙiƙa kaɗan maimakon rabin awa, duk suna nan. A wannan fanni amsar tambayar a fili take: sabuwar manhaja ta fi tsohuwa, wani lokaci da nisa.

Iri na biyu yana cike gurbin abin da ba a kama ba. Ya faro a hankali a 2010, lokacin da Photoshop ta fara toshe ramin da aka goge da abin da ta kwaikwayo daga kewayensa. A 2023 ta kai ga a rubuta mata umarni ta zana abin da babu shi, ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. Manhajojin waya irin su Remini, waɗanda ake ba su tsohon hoto mai dishi-dishi su fito da shi garau, a wannan rukuni suke. Mai kallo yana ɗauka an wanke hoton ne fuskar ta bayyana. Abin da ya faru a zahiri shi ne manhajar ta koyi siffar fuskoki masu ɗimbin yawa, sai ta zana wadda take ganin ta fi dacewa da dishi-dishin da aka ba ta. A 2020 an gwada wata manhaja irin wannan da masu bincike na Jami'ar Duke a Amurka suka fitar, aka ba ta dusasshen hoton Barack Obama, ta mayar da fuskar Bature. Ba ta lalace ba, aikin da aka gina ta a kansa ta yi, wato hasashe. A yankin da dattawa da yawa ke ɗauke da tsagar Kabawa ko ta Gobirawa ko ta Zamfarawa, wannan hasashe yana da haɗari na musamman, domin manhajar da aka koya wa cewa fata mai kyau sumul take tana iya ɗaukar aikin wanzami a matsayin tabo, ta rage shi ko ta shafe. Tsagar kuwa ita ce take faɗin asalin mutum tun kafin ya buɗe baki.

Tsohuwar muhawarar hannu da kayan aiki ta ginu ne a kan cewa kayan aiki ba shi da ra'ayi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misali a cikin Ihya'u Ulumid Din na wanda ya tambayi takarda dalilin baƙin da ke fuskarta, ta tura shi ga tawada, tawada ta tura shi ga alƙalami, alƙalami ga hannu, hannu kuma ga iko da nufi da sanin da ke bayansa. Manufarsa tauhidi ce, amma tsanin da ya jera yana nuna yadda malamai ke kallon kayan aiki: kowane mataki mai biyayya ne ga na samansa, alhakin kuma yana hawa sama. Wannan bai sa addini ya raina kayan aiki ba. Hadisin kyautata aiki da ke cikin Arba'una Hadisi ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, wanda ke nuna cewa gyara kayan aiki sashe ne na kyautatawar da ake nema. Mai hoton da allonsa ke yi masa ƙarya, yana da halin sauyawa bai sauya ba, ya bar wuƙarsa da dakushi.

Amma wuƙa ba ta zaɓar inda za ta yanka, sabuwar manhaja kuwa tana zaɓa. A cikinta akwai hukuncin mutanen da suka gina ta game da wace fata ce mai kyau, wane haske ne daidai. Abin ba sabo ba ne gaba ɗaya. Kamfanin Kodak ya yi shekaru yana raba wa masu wankin hoto katin gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, a kan fatarta ake daidaita injin, shi ya sa baƙaƙen fuskoki suka daɗe suna fitowa babu fasali. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka da dalilai da dama, ɗaya daga ciki shi ne daidaita kyamararsa ga baƙar fata, Google ma ta bi wannan hanya a 2021. Wannan gyara ne na gaske. Sai dai wayoyi da yawa suna zuwa da filtar kwalliya a kunne, mai haskaka fuska da sulɓe ta tun kafin mai wayar ya taɓa komai. Alƙalamin Gazali ya fara rubuta abin da hannu bai umarce shi ba. Alhakin bai sauka daga kan mai gyara ba, tunda shi ya zaɓi kayan kuma shi ya miƙa aikin, amma yanzu yana ɗaukar alhakin hukuncin da wani ya yanke a wata ƙasa, sau da yawa bai ma san an yanke ba.

Ta fuskar fiƙihu, maganar tana komawa ga asalin hukuncin hoto. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai, kuma malamai sun bayyana dalilin da cewa kwaikwayon halittar Allah ne da buɗe ƙofar bautar gumaka. Da kyamara ta bayyana sai aka yi saɓani. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muti'i, Muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta ta, da hujjar cewa mai kyamara bai ƙirƙiri sura ba, inuwar halittar Allah ya tsare, kamar a ce madubi ya riƙe abin da ya gani. Shaihu Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya tafi a kan makamanciyar wannan hujja game da hoton da na'ura ke ɗauka nan take ba tare da zanen hannu ba. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Albani, waɗanda duka suka rasu a 1999, sun hana sai bisa lalura irin ta fasfo da katin shaida. Duk waɗannan ra'ayoyi suna da mabiya a Sakkwato da kewayenta.

Abin lura shi ne hujjar masu halattawa ta tsaya ne a kan kalma ɗaya, kamawa. Gyaran iri na farko bai taɓa wannan hujja ba, domin goge madubi ba ƙirƙirar fuska ba ne. Gyaran iri na biyu kuwa yana zana ido da hanci da leɓen da hasken rana bai taɓa ɗauko su daga jikin kowa ba. Wanda ya karɓi halaccin hoto ta hanyar Shaihu Bakhit ba zai iya shimfiɗa wannan fatawa a kan fuskar da manhaja ta zana ba sai ya nemo wata hujja, ko da kuwa za a ce na'ura ce ta zana ba hannu ba, tunda mutum ne ya ba da umarnin kuma sura ce sabuwa ta fito. Ga mabiya mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta zauren karatu a wannan yanki tun zamanin Shehu Usmanu da ɗan'uwansa Abdullahin Gwandu, lamarin ya fi sauƙi. Masu sharhin Mukhtasar na Khalil, a babin walima, sun taƙaita haramcin ga sura mai inuwa, wato mutum-mutumin abu mai rai da gaɓoɓinsa suka cika. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango bai wuce makaruhi ko abin da barinsa ya fi ba. A wannan ma'auni hoton da aka kama da wanda aka zana duk a shimfiɗe suke, hukuncin surarsu kusan ɗaya ne.

Wasu sukan kawo aya ta 119 a Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci sauya halittar Allah cikin ayyukan da Shaiɗan ke kira zuwa gare su. Malamai da dama sun ɗora ta a kan abin da ake yi wa jiki, hoto kuwa ba jiki ba ne. Alaƙar da ke akwai ta nesa ce, ko da yake ba a rasa ta ba: yarinyar da ta saba ganin kanta fara sol a waya tana iya ƙin fuskar da madubi ke nuna mata, daga nan zuwa man bilicin tafiyar ba ta da tsawo.

Inda fiƙihun Malikiyya ya fi kama gyaran hoto da ƙarfi shi ne babin algus. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan duk ɗalibin zaure ke bi ta kansa, ta hana yaudara da ɓoye aibi a ciniki. Tushen hanin sananne ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne, ya kuma tsawatar wa mai shi. Malamai sun yi dogon bayani a kan wanda ke ƙin tatsar saniya ko akuya na kwanaki don hantsarta ta cika ranar kasuwa, suka ba mai saye damar mayar da ita, ya haɗa da sa'i ɗaya na abinci a madadin nonon da ya tatsa. Mai dabbar bai furta ƙarya ba, ido ya bari ya yi masa ita. Hoton rago da ake turawa ta waya gabanin Layya, wanda aka ɗan faɗaɗa ƙirjinsa aka goge ƙazuwar da ke wuyansa, jikan waccan hantsa ne. Haka hoton gida ko gona ko babur da za a sayar.

Aure ya fi ciniki nauyi. Shari'a ta so masu niyyar aure su ga juna, yau kuma sau da yawa hoto ne ke fara isa kafin mutum, musamman idan saurayin yana ci-rani a Legas ko Abuja. Malikiyya sun lissafa aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure idan an ɓoye su, cikinsu akwai hauka da kuturta da albaras. Goge albaras daga hoton da za a aika gidan masu neman aure, ko na namiji ne ko na mace, ɓoye aibi ne irin wanda littattafan suka ambata da sunansa, kuma burushin 2002 ma ya isa a yi shi. Abin da sabuwar manhaja ta ƙara shi ne ta sauƙaƙa aikin ta kuma ɓatar da sawunsa.

Wannan ba ya nufin duk ƙawata hoto algus ne. Al'ada tana da gurbi a hukunci, kuma yaudara ba ta tabbata sai an samu wanda aka yaudara. Kowa ya san amarya tana shan kwalliya da lalle ranar bikinta, kowa ya san bangon da ke nuna dogayen benayen Dubai ko Masallacin Madina a bayan yaro ado ne, kamar labulen fenti da masu hoto na dā ke ratayawa. Ba wanda ya ƙulla wata hulɗa bisa gaskata shi. Ma'aunin shi ne abin da mai kallo zai gina a kan hoton. Fasfo yana can ƙarshen ɗaya gefen, domin shaida ne tsantsa, shi ya sa rajistar katin ɗan ƙasa da ta katin zaɓe ake ɗaukar fuskar mutum a gaban jami'i, na'urar BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita kuma take gwama fuska ko yatsan mai zaɓe da abin da aka adana. Kamfanonin dillancin labarai ma a nan suka ja layinsu, ba tare da sun karanta Risala ba: sun yarda a daidaita haske da launi, sun hana ƙarawa ko cirewa. A watan Maris na 2024 Reuters da AP da AFP sun janye hoton Gimbiyar Wales da 'ya'yanta, wanda fadar masarautar Ingila ta fitar, saboda alamun an taɓa shi fiye da ƙima. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma darajar hoto a kotu da kasuwa da gidan surukai duk daga wannan karin magana take. Idan hasashe ya cika hotuna, ganin zai koma yana neman mai ba da shaida a kansa, kamar yadda ji yake nema.

Akwai kuma maganar yadda ake samun sabuwar manhajar. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sababbin fitowar Photoshop saye ɗaya, ta koma karɓar kuɗin haya wata-wata, abin da ya ƙara nauyi bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Saboda haka kwafin da aka fasa wa makulli ya yawaita. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa dukiya ce da shari'a ke karewa. Ga mai gudun shubuha akwai GIMP a kwamfuta da Snapseed a waya, dukansu kyauta, kuma sun ishi aikin fasfo da na biki. Ga mai tunanin saye kuwa, lissafin ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu yakan nuna cewa allo mai gaskiya da fitila mai kyau da batirin sola suna gaba da sabuwar kwamfuta a layi.

Shari'ar da ta fi wuya ita ce ta hoton mamaci. Iyali su kawo ɗan ƙaramin fasfon mahaifinsu, wanda aka ɗauka shekaru arba'in da suka wuce, ya koɗe, ruwa ya taɓa shi, kuma shi kaɗai ya rage. Ba ciniki a nan, ba aure, ba wanda za a cuta a dukiya. Tsohuwar manhaja za ta goge tsagewar takardar ta ƙara masa ɗan haske, fuskar ta zauna a dushe kamar yadda take. Sabuwa za ta fito da dattijo mai ido garau da gemu tsaf, wanda 'ya'yan za su ce ya yi kama da shi, matarsa kuma ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Jikokin da ba su riske shi ba wannan fuska za su haddace a matsayin ta kakansu. Masu sana'ar da suka fahimci bambancin sukan mayar wa iyalin asalin fasfon, su wanke musu kwafi biyu, mai ɗan gyara da wanda manhaja ta cike, su kuma faɗa musu wanne ne wanne. Tun 2019 Adobe da wasu kamfanoni suke aikin wani tsari na liƙa wa hoto tarihinsa a ɓoye cikin fayil, ya nuna na'urar da ta ɗauka da abin da aka sauya. Tsarin yana aiki ne muddin hoton yana cikin na'ura kuma ba a bi da shi ta hanyar da ke share irin wannan bayani ba. Da zarar an wanke shi a takarda an sa a firam an rataye a bangon zaure a Kebbe, babu wata alama da ta rage a jikinsa, kuma wanda ya san yawan abin da kyamara ta kama da yawan abin da manhaja ta zana shi ne yaron da ya zauna gaban allon.